Ajiye amyar zuma a fegin lambun haya, zai yiwu kuwa?

Mai_Kabewa:

Assalamu alaikum 'yan uwa masu lambu. Dan Allah ina neman shawara wajen waɗanda suka san harkar kiwon zuma. Ina da fegi a irin lambun nan na haya da ake yanka wa kowa nasa, mu da yawa ne a wajen, babbar hanya ɗaya ta ratsa tsakiya sai ƙananan hanyoyi tsakanin fegi da fegi, famfo kuma na kowa da kowa ne. Nawa yana can ƙurya ta ƙarshe, tsawonsa mita 25 faɗinsa mita 10, bayansa shingen lambun ne, bayan shingen kuma fili ne da bishiyoyi babu gidaje kusa. Maƙwabta biyu gare ni, na dama wani dattijo ne da kusan kullum yana wajen yana cirar ciyawa, ta gaba kuma wata baiwar Allah ce da takan zo da yaranta ƙarshen mako.

Abin da ya sa nake wannan tunanin, kabewa da kokwambana suna fure sosai amma da ɗan ya fara fitowa sai ya yi rawaya ya zube, wani ya ce min rashin ƙudan zuma ne a wajen. Kuma gaskiya ko ba don haka ba na daɗe ina sha'awar abin. Toh shin sai na nemi izinin kwamitin lambu ko tunda haya nake biya zan iya ajiye abin da na ga dama a fegina? Amya nawa ya kamata mutum ya fara da ita, kuma a wane ɓangare zan ajiye? Sannan ni ma'aikaci ne, Asabar da Lahadi kawai nake samun zuwa sosai, zai ishe su? Na gode.

Dattijon_Amya:

Wa alaikumus salam ɗana. Zai yiwu, mutane da yawa suna yi kuma suna zaune lafiya da maƙwabtansu, amma bari in fara da tambayarka ta farko domin ita ce ke kashe maganar tun kafin a je ko'ina. Eh sai ka nemi izini, kuma a rubuce. Hayar da ka biya ta noma ce, je ka buɗe takardar yarjejeniyar da ka sa wa hannu, galibi za ka tarar da wani layi kan ajiye dabbobi a fegi, wasu lambunan sun hana gaba ɗaya, wasu sun yarda da sharaɗi, wasu kuma sun ware wani lungu guda inda duk mai son amya zai kai tasa maimakon kowa ya dasa a fegin sa. Ban da haka akwai ƙasashen da doka ta ce sai ka yi wa amyarka rajista da hukumar noma, ka bincika naka wajen. Kuma tun kafin ka rubuta wa kwamiti ka je ka samu dattijon nan da baiwar Allah mai yara, baki da baki, ka tambaye su ko akwai wanda jikinsa baya ɗaukar harbi a cikinsu. In suka ji labarin daga bakin kwamiti ko kuma suka wayi gari suka ga akwati, ka riga ka yi asarar su.

Maganar wajen ajiyewa, abin da za ka riƙe shi ne hanyar tashinsu. Amya mai ƙarfi a lokacin fure tana iya kai ƙuda dubu 50, kuma da hantsi in ka tsaya gefe ka kalli bakinta kamar ƙofar kasuwa take, masu fita na fita masu dawowa na dawowa ba tsayawa. In babu abin da ya tare su a gaba, a ƙasa-ƙasa suke tafiya daidai fuskar mutum har su yi nisa kafin su ɗaga, toh wanda ya sunkuya yana shuka a kan wannan layin shi ne zai sha harbi, ba don sun nufe shi ba, karo ne kawai ƙuda ta shige gashi ko wuyan riga ta rasa mafita. Maganin abin shi ne ka kewaye amyar da shinge mai tsayin mita 2 ta kowane gefe, na katako ko raga mai ƙananan ido irin ta inuwar shuka, ka bar kamar mita ɗaya ko ɗaya da rabi tsakanin bakin amya da shingen. Suna fitowa dole su yi sama, in kuma suka yi sama a can suke ci gaba da tafiya, sama da kan kowa. Ka yi wa kewayen ƙofa da kwaɗo saboda yara, ka bar wa kanka wajen tsayawa a bayan amya don daga baya ake aiki ba daga gaba ba.

Kai Allah ya taimake ka ma da fegin ƙurya. Ka juya bakin amyar ya kalli shingen baya inda filin nan yake, ka matsar da ita kusurwar da ta fi nisa da hanya da kuma fegin dattijon. In za ta samu ranar safe da inuwar la'asar ya fi kyau. Kar ka ajiye a ƙasa, ɗora ta kan abin da zai kai gwiwa, in wajenku akwai tururuwa ka sa ƙafafun a cikin gwangwani da ɗan mai ko ka shafa musu giris, kuma ka riƙa cire ciyawar da ke taɓa amya domin ita ce gadar da suke bi.

Ruwa kuma, ka tanada tun kafin ƙudan su iso. Suna buƙatarsa sosai, da shi suke sanyaya ciki don ɗakin 'ya'yansu yana zama kusan digiri 35 ko ana zafi ko ana sanyi. Baho marar zurfi da duwatsu ko tsakuwa a ciki yadda za su sauka ba su nutse ba, a ajiye shi gefe ba daidai bakin amya ba saboda kashinsu, kuma kar ya taɓa bushewa. Ranar da ya bushe za su gano famfon lambu, in kuwa suka saba da famfo raba su da shi aiki ne.

Amya biyu za ka fara da su, ba ɗaya ba, ba kuma fiye da haka ba. Da biyu kana da abin kwatantawa, in ɗaya ta rasa sarauniya za ka ɗauko saƙa mai ƙwai daga ɗayar ka ba ta su yi wata. Sannan ka ajiye akwati na uku babu komai a ciki, zan faɗa maka amfaninsa.

Yanzu maganar lokacinka. Yawancin shekara sau ɗaya a sati biyu ma ya isa, akwai watannin da ba a buɗewa sam. Amma akwai lokacin rabuwa, wato sanda fure ya yi yawa gida ya cika, sai su fara gina ɗakunan sabuwar sarauniya, za ka gan su suna rataye a gefen saƙa ko ƙasanta, dogaye sun fi sauran ramukan girma suna kallon ƙasa. Daga ƙwai zuwa rufe wannan ɗakin kwana 8 ne ko 9, sabuwar tana fitowa a kwana na 16, tsohuwar kuma ba ta jiran fitowarta, da an rufe ɗakin farko take tashi da kusan rabin gidan. Shi ya sa ake cewa a duba duk kwana 7. Toh kai mai Asabar da Lahadi lissafin ya yi maka daidai, da sharaɗin ba za ka tsallake ko mako ɗaya ba a wannan lokacin, ko biki ne ko tafiya sai ka samu wanda zai duba maka. In ka ga ɗakunan nan, kai za ka raba su da hannunka cikin akwatin nan na uku kafin su raba kansu. In suka riga ka, za su je su dunƙule a reshen wani ko jikin ɗakin kayan aikin wani, a gaskiya a wannan halin ba su cika harbi ba don cikinsu cike yake da zuma kuma ba su da gidan karewa, amma je ka faɗa wa uwar da ta ga sama ta yi duhu a kan yaranta haka.

Na ƙarshe, kar ka koyi kiwon zuma a fegin haya. Ka bi wani mai amya ka yi kaka guda kana buɗewa tare da shi, ka sha harbinka ka ga yadda jikinka yake ɗauka, sannan ka kawo naka cikin mutane.

Maman_Yara:

Hmm. Ni dai bari in yi magana a matsayin wadda take ɗaya gefen shingen, don mu ba a cika jin ta bakinmu ba a irin wannan zancen, masu zuma ne ke ta ba juna shawara. A lambunmu an taɓa samun wani ya kawo amya bai faɗa wa kowa ba, ya ɓoye ta bayan tarin takinsa, mu dai sai muka ga famfo ya cika da ƙuda, wallahi ka zo da bokiti ka tsaya nesa kana jira kamar kai ne baƙo, ƙasan famfon inda ruwa ke ɗiga sun rufe shi ruf suna sha, yara suka daina yarda a aike su ɗibar ruwa. Ana haka ranar nan mutumin ya zo da rana tsaka ranar hutu da lambu ya cika da mutane ya buɗe abinsa, shi yana cikin farar rigarsa da hular raga ba abin da ya dame shi, mu kuma da ba mu san hawa ba ba mu san sauka ba muka kwasa da gudu, wata tsohuwa har ta faɗi a kan kwamin albasarta. Da aka yi masa magana cewa ya yi ai ƙudan zuma alheri ne ga kowa. Alherin ne ya kumbura wa ɗiyata ido har ya rufe.

Ba wai ina ƙin abin ba ne fa, daga baya wata mata ta nema ta hanyar da ta dace kuma har yanzu amyoyinta suna nan, yawancin sababbin zuwa ma ba su san da su ba sai an nuna musu. Bambancin shi ne ita ta bi mu ɗaya bayan ɗaya, ta yarda ba za ta buɗe ba sai ranar da ba mutane ko da yamma sanda aka watse, in kuma dole ne sai ta zagayo ta ce mana Hajiya zan buɗe nan da ɗan anjima ku matsa da yara. Ta kafa allo a ƙofar kewayen da lambar wayarta da ta wani da za a kira in ba ta nan, kuma da ka kira ana ɗauka. Kwamitinmu ma ya sa ta kawo takardar inshora ta ƙungiyar masu kiwon zuma da take ciki, da shaidar ta yi koyo.

Toh Malam Mai_Kabewa ga inda na ga matsala a naka, kai Asabar da Lahadi kake zuwa, maƙwabciyarka mai yara ita ma Asabar da Lahadi take zuwa. Baba ya ce lissafin kwana 7 ya yi maka daidai, ita fa? Ranar da kai za ka buɗe ita ce ranar da yaranta suke guje-guje a wajen. Ku zauna ku tsayar da awa tun yanzu, kuma in ta ce a'a ka haƙura, kar ka je kana kai ƙararta wajen kwamiti cewa ta hana ka ci gaba.

Dattijon_Amya:

Hajiya kin yi gaskiya, wannan gyara ne mai kyau. Allah ya ƙara wa yarinya lafiya.

Sarkin_Gardama:

Ni inda zan tsoma baki shi ne maganar kabewa. Malam in don kabewarka ta yi 'ya'ya ne kake son ɗauko wannan ɗawainiyar, ajiye kuɗinka. Ƙudan zuma ba akuya ba ce da za ka ɗaure a fegi ta ci abin da ke gabanta. Suna tafiya kilomita 2, 3, har 5 in ta kama, kuma abin da ya fi yawa da zaƙi suke bi. Wadda ta gano bishiya guda cike da fure za ta dawo ta yi rawar nan a kan saƙa ta nuna wa sauran alƙibla da nisa, wadda Karl von Frisch ya gano ma'anarta har aka ba shi kyautar Nobel a 1973, sai gidan duk ya kwashe ya tafi can, furenka ashirin na kabewa yana nan ƙarƙashin hancinsu. Ƙari ma ga Baba ya ce ka yi shingen da zai tura su sama su wuce, wato dai kai da kanka ka nuna musu hanyar tsallake fegin. Za su sauka a naka ɗin, ban ce ba za su sauka ba, amma ƙudan wani da ke kilomita guda da kai ma suna iya yin wannan.

Ga abin da ba ya cin ko sisi. Furen kabewa iri biyu ne, namiji mai siririn kara da mace mai ɗan ƙulluton kabewa a gindinta. Da sassafe suke buɗewa kafin azahar sun rufe. Tsinko namijin, cire ganyen furen, ka goga tsinken tsakiya mai garin nan rawaya a tsakiyar macen, shi ke nan. In ka yi haka ɗan ya ci gaba da zubewa toh matsalarka ba barbara ba ce, ka duba ruwa ko tsananin zafi ko taki. Tumatir kuwa ƙudan zuma ba sa ma kula shi, furensa ba shi da ruwan zaƙi kuma sai an girgiza shi garin ke fita, iska da wasu manyan ƙudaje na daji ke yin wannan aikin.

Kuma a daina cewa ana ajiye amya don ceton ƙuda. Ƙudan amya dabbar kiwo ce, akwai mai kula da ita. Waɗanda ke shan wahala su ne na daji masu zama ɗai-ɗai a ramin ƙasa da busasshen kara, in ka jibge amyoyi a ƙaramin waje ma da su za su yi takarar furen. Mai son taimakonsu ya bar wani gefen fegi ya yi fure, ya rage feshi. In kuma zumar kake so da sha'awar kiwon, ka faɗa kai tsaye, wannan dalili ne mai kyau ba sai an jingina shi da kabewa ba.

Mai_Kabewa:

Hhhh Sarki ka kama ni, toh na faɗa, zumar nake so da kiwon. Amma zan gwada gogawar nan ranar Asabar in sha Allah. Hajiya na gode ƙwarai, maganarki ta shige ni, zan fara da maƙwabciyar tawa kafin kowa. Baba Allah ya saka da alheri, saura tambaya biyu. Wace irin amya ce ta fi dacewa da ƙaramin waje, mai firam ɗin nan, wato katakon da ke kewaye kowace saƙa, da ake ɗorawa hawa-hawa ko doguwar nan mai sanduna a sama? Sannan in na ajiye na ga wajen bai yi ba zan iya matsar da ita ɗaya kusurwar? Kuma dattijon da ke dama da ni yana feshin maganin ƙwari sosai, shi ma abin yana raina.

Dattijon_Amya:

Kowacce ka ɗauka, ka dai tabbata irin wadda ake ciro saƙa ɗaya-ɗaya a duba a mayar ce. Amyar da ba a iya buɗewa sai ranar yankan zuma ba ta cikin mutane ba ce, don ba za ka ga ɗakin sarauniya ba balle ka hana rabuwa, ba kuma za ka ga cuta ba. Mai firam ɗin asalinta wani limamin coci ne a Amurka, Langstroth, ya yi mata rajista a 1852, abin da ya lura da shi shi ne in ka bar tazarar milimita 6 zuwa 9 tsakanin abu da abu ƙudan za su bar ta a matsayin hanya, in ta gaza haka su liƙe ta da danƙo, in ta fi haka su gina saƙa a ciki. Ina faɗa maka wannan ne saboda in kafinta za ka ba ya yi maka, ka tsaya a kansa da ma'auni, kuskuren rabin santimita ya isa ya sa duk ranar da ka buɗe sai ka ɓalle saƙa, zuma na zuba ƙuda na mutuwa sauran na fusata, kuma fushin nan maƙwabta ne ke biyansa. Ita mai firam ta fi ba da zuma kuma ta fi sauƙin rabawa, amma akwati ɗaya in ya cika yana haura kilo 20 kuma sai ka sauke na sama kafin ka kai ga na ƙasa, gidan duk a buɗe. Doguwar mai sanduna ba ɗaga nauyi, sanda ɗaya kake zarewa sauran suna rufe, ƙudan da ke tashi ba su kai na waccan ba, wannan kuwa riba ce a fegin haya. Faɗin sandar tsakanin milimita 32 da 35 ne gwargwadon irin ƙudan wajenku. Aibinta saƙar ba ta da abin riƙewa sai sandar, a tsaye ake riƙe ta, ka kwantar da ita gefe ta karye. Ni a ganina ka ɗauki irin wadda mai koya maka yake amfani da ita, ranar da kake neman aron saƙa za ka gane dalili.

Abin da ya fi irin akwatin muhimmanci shi ne halin ƙudan. Akwai jinsin da aka daɗe ana tacewa don sanyin hali, irin na Italiya da Kaniyola da wanda ake kira Buckfast, akwai kuma na yawancin Afirka da waɗanda suka gauraya da su a kudancin Amurka, su waɗannan sun fi saurin fusata, suna fitowa da yawa kuma suna bin mutum da nisa. In irin waɗannan ne a wajenku, shingen mita 2 ba zai wadatar ba kuma ni ba zan ba ka shawarar ajiye su kusa da fegin kowa ba, gara ka nemi izinin filin bayan shingen can nesa. Ko a cikin masu sanyin ma gida yana iya canza hali, musamman in sun yi sabuwar sarauniya da kansu ko fure ya yanke ko hadari ya haɗo. Alamar ita ce su fara bin ka har bayan ka bar wajen, ko su riƙa dukan hular raga kafin ma ka taɓa akwati. Maganin a canza sarauniya, amma ba a ganin sakamako nan take, ma'aikaciya kwana 21 take yi daga ƙwai zuwa fitowa kuma tsofaffin suna rayuwa kusan mako 6 a lokacin aiki, ka ga kusan wata biyu ke nan kafin gidan ya zama 'ya'yan sabuwar. Ba mai fegin da zai jira ka wata biyu ana harbinsa. Don haka tun kafin ka kawo su ka samu wani waje na biyu, gonar wani ko wajen malaminka, inda za ka kwashe su cikin dare ɗaya in ta ɓaci.

Wannan ya kawo mu ga matsarwa. Ƙuda ba akwatin take ganewa ba, wajen take ganewa. Ƙa'idar ita ce ko ƙasa da mita ɗaya ko fiye da kilomita 5. In ka ɗauke ta daga wannan kusurwa zuwa waccan, duk masu fita kiwo za su dawo tsohon wajen su yi ta shawagi a ruɗe, su ne kuma masu harbi. Sai dai ka riƙa ja kaɗan-kaɗan duk bayan kwana biyu ko uku, ko ka kai su nesa su yi makonni ka dawo da su sabon wajen. Ka auna sau ɗaya ka ajiye daidai.

Feshi kuwa ba ka da ikon hana shi, roƙo ne. Ka roƙe shi abu uku, kar ya fesa a kan shukar da take cikin fure, ya bari sai magariba sanda ƙuda suka shige, kuma ya faɗa maka kwana guda kafin. Irin maganin ma yana da tasiri, akwai wanda ke shiga jikin shuka har ya fito a garin fure da ruwansa, uku daga cikin irin waɗannan ne Tarayyar Turai ta hana amfani da su a fili a 2018. In ka zo ka tarar da tarin matattu a bakin amya lokaci guda, wasu na karkarwa harshe a waje, guba ce. Haka mai injin yankan ciyawa, ka gargaɗe shi kar ya matso kewayen, rugugin injin yana tayar da su fiye da komai.

Nas_Mai_Dare:

Ƙarin bayani kaɗan kan harbi tunda aikina ne. Ƙarin yana maƙalewa a fata da 'yar jakar dafin tana ci gaba da turawa, a cire shi nan take da farce ko duk abin da ke hannu, saurin ne ke da amfani ba salon cirewa ba. A bar wajen, domin harbin yana barin wani wari mai kama da na ayaba da ke kiran sauran. Kumburi da zafi da ƙaiƙayi a wajen harbin, ko ya ƙaru washegari, ba abin tsoro ba ne, ƙanƙara da maganin ƙaiƙayi sun isa. Abin gudu shi ne borin jini ya feso a duk jiki, leɓe ko harshe ko maƙogwaro ya kumbura, numfashi ya yi wuya, jiri ko suma, yawanci cikin mintuna. Wannan a kira motar asibiti nan take, a kwantar da mutum a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ne ya fi damunsa a bar shi a zaune, in yana da allurar adirenalin tasa a yi masa a cinya ba jira. Harbi a cikin baki ko maƙogwaro shi ma asibiti ne ko da mutum bai da wata matsala a da. Kuma wanda aka sha harba ba abin da ya same shi yana iya wayar gari jikinsa ya canza, har masu kiwon kansu. Malam ka rubuta adireshin lambun da ƙofar da mota za ta iya shiga a kan allon nan da Hajiya ta faɗa, mutum a ruɗe ba ya iya kwatance.

Mai_Kabewa:

Allah ya saka wa kowa. Zan nemi malami tukuna, bana koyo, in maƙwabta sun yarda baɗi a kawo. Baba in Allah ya kai mu ga zuma, a nan fegin ake tacewa ko sai an kai gida?

Dattijon_Amya:

Kar ka kuskura ka tace a fegi. Saƙar da suka rufe da farin kaki kawai za ka ɗauka, ita ce ta nuna, wadda ke buɗe ruwa ya yi mata yawa za ta yi tsami. Ka kaɗe ƙudan, ka sa a bokiti mai murfi ka rufe nan take, ka tafi da ita ɗakin da ƙofa da taga suke rufe. Ko guntun kaki ko cokalin da ya taɓa zuma kar ka bari a waje wai su lashe, cikin rabin awa ƙudan duk amyoyin da ke yankin za su cika lambun suna bincike ko'ina har cikin jakunkunan mutane, daga nan su faɗa wa amyarka mai rauni su wawashe ta. Kuma kar ka kwashe duka, ka bar musu abin da zai kai su fure na gaba, a shekarar farko ma wataƙila ba abin da za ka ɗiba.